Kwanon Kohei

Tun kafin jirgin ƙasa ya bar Kuji, Fumie ta lura mijinta ya ƙi ɗora jakarsa a sama. Ya rungume ta a cinya kamar mai ɗauke da ƙwai.

"Baban Kohei, zinariya ka zuba a ciki ne?"

Tsutomu ya ce kayan aski ne da maganin hawan jininsa, ya juya fuska taga.

Kwanon shinkafar ɗansu ne a ciki, da murfinsa, a naɗe cikin tawul. Kohei na aiki a jirgin kamun kifin tuna, can tekun da ke kusa da Peru, ga shi har an shiga shekara ta biyu. Tun ranar da ya tafi, duk maraice Fumie ke zuba abinci a kwanonsa ta ajiye a mazauninsa, yadda kakarta ke yi in maza sun yi nisa, don kada matafiyi ya kwana da yunwa. Tsutomu kan ce ɓarnar shinkafa ce. Amma bai taɓa kai loma baki ba sai ya saci kallon wajen ya ga an ajiye.

Da Fumie ta shirya wannan tafiya ta kallon ganyen lokacin kaka, ta ce kwana biyu ba za su kashe yaron da yunwa ba, a bar kwanon ya huta. Tsutomu ya faki idonta ya saka shi a jaka. Saƙon Kohei na ƙarshe ya daɗe da zuwa, ya fi yadda aka saba daɗewa, kuma shi ba mutum ba ne da zai iya barin kujerar nan ba komai a gabanta a irin wannan lokaci.

Jirgin ya yi ta kutsawa cikin duwatsu yana fitowa. Duk fitowa sai ga gangare ya yi jawur da ganye, wani wajen ruwan ɗorawa, sai kuma duhu. A kan wata doguwar gada direba ya tsaya don fasinjoji su ga teku. Kowa ya taso da wayarsa. Fumie ta yi ta jan hannun rigar mijinta tana nuna masa itatuwa, shi kuwa idonsa na kan wani farin jirgin ruwa da ke can nesa, har sai da katangar siminti da aka gina a gaɓar ta rufe shi.

"An kawo ka kallon ganye, kana ƙirgar jiragen mutane," in ji ta. Ta ɓare masa lemo ta cusa masa a hannu.

Sun sauka a wani ƙaramin masauki kusa da Miyako rana na shirin faɗuwa. Fumie na wanka, Tsutomu ya lallaɓa ya sami uwargidan masaukin, wata dattijuwa mai suna Sawaguchi. Shi mai gyaran famfo ne, hannunsa ya fi bakinsa iya magana. Ya miƙa mata kwanon, ya ce na ɗansa ne, in babu damuwa a haɗa masa nasa farantin. Iyakar abin da ya iya faɗa ke nan. Matar ta karɓa da hannu biyu, ta rusuna sosai, ba ta tambayi komai ba.

Aka jera musu abinci a ɗaki. Ga kifin sanma an gasa da gishiri, kitsensa na tsatsafowa, ga yankakken ɗanyen kifi a kan ƙanƙara, ga kaguwa, ga ƙwan kifi jajaye an tula a kan shinkafa. Fumie ta haɗa tafukan hannunta don murna. Sai Sawaguchi ta sake shigowa da faranti na uku, ta ajiye a hankali.

Shinkafar da ke kwanon Kohei an tsiro ta sama, an mulmule. Gefenta awarar waken suya ce da dafaffen ganye da wake. Babu kifi ko ƙaya ɗaya. Ga kuma tsinken turare a ɗan kasko.

Abincin mamaci ne. A al'adarsu, ba a sa wa mamaci abin da ya taɓa numfashi.

Fumie ta gane kwanon, ta dubi mijinta, ta dubi turaren. Tsutomu ya juya ga Sawaguchi.

"Yana da rai. Uwargida, ɗana yana da rai. Aiki ya tafi."

Sawaguchi ta kai goshinta har tabarma. Ta yi ta ba da haƙuri. Ta ce tun shekarar da teku ya hau garuruwan nan, duk baƙon da ya miƙo mata kwano, na wanda ba zai dawo ba ne, ita ma kullum safe irin farantin nan take haɗa wa ƙanenta. Ta miƙa hannu za ta ɗauke ta kawo wani.

Tsutomu ya dafe farantin. Bai yarda a fita da abincin Kohei daga ɗakin ba, ko na ɗan lokaci. Ya ba ta turaren kawai. Ya sa cokali ya baje tsiron shinkafar, sannan ya ɗauki gasasshen kifinsa ɗungurungum ya ɗora. Fumie ta ƙara ƙafar kaguwa mafi girma, ta juya farantin ya fuskanci matashin zaman da ba kowa a kai.

"Ashe kayan askin ke nan," ta ce, tana share ido da bayan hannu. "Kai da ka ce ɓarna nake yi."

"Har yanzu ɓarna ce."

Sawaguchi ta fita ta dawo da tukunya, ta ƙara shinkafa mai zafi a kwanon ta rufe. Ta ce matan masunta a nan sukan jira kaɗan su ɗaga murfi. In an ga raɓa a cikinsa, to matafiyi na nan lafiya.

Rabin rayuwarsa Tsutomu ya yi yana aikin ruwan zafi. Ya san tururi in ya bugi abu mai sanyi dole ya zama ruwa, ya kuma ga dalilin da ya sa dattijuwar ta kawo mai zafi. Duk da haka ya zauna bai taɓa abincinsa ba, tafinsa na kan murfin. Da ya ɗaga, ɗigon ruwa ya gangaro ya sauka a kan babban yatsansa. Ya daɗe yana kallonsa.

"Maman Kohei, yanzu wane lokaci ne a wajensu?"

Fumie ta yi ɗan tunani, ta ce asuba ta kusa, ƙila yanzu ake tashinsu.

"To bai karya ba tukuna," in ji Tsutomu. Ya tura farantin gaba kaɗan.