Yadda Zafor Ya Zama Malamin Iyo

Duk wanda ya taɓa zama a bencin mai shayi na gindin tudu, a sansanin 'yan gudun hijira na Kutupalong, ya san yadda Zafor Alam ya ƙetare kogin Naf. Shi da kansa yake ba da labarin, bakinsa jajawur da ganyen pan da ake taunawa kamar goro, yana gyara ɗaurin zaninsa irin na mazan can. Shekarar da aka gudo daga garinsu Maungdaw, in ji shi, da iyo ya haye, da buhun shinkafa a ka. Da farko rabin buhu ne. Da aka shekara uku buhun ya cika. Yanzu har da akuya a kafaɗa, wai ko jelarta ba ta jiƙe ba.

"Baba Zafor, to ina akuyar?" in ji samari.

"Mun cinye. Ku da kwata ke gagararku tsallakewa, me ya haɗa ku da akuyata?"

In labarin ya iso wa matarsa Anowara a layin famfo, sai ta ce, "Haka ne, ruwa ya san shi," ta ɗauki tulunta ta wuce.

Makarantar unguwarsu ɗaki ɗaya ce ta gora da tamfol, a kan tudun da ke tsallake. Yara sai sun gangara, sun bi gefen wani rami da aka haƙi ƙasa, sannan su hau. Da damina ta sauka aka kwana uku ana ruwa, ramin ya cika fal. Rana ta huɗu Setara, 'yar shekara shida, ta zame da jakarta a baya ta faɗa ciki. Allah ya sa wata mai wanki tana kusa, ta cafko gashinta. Yarinya ta amayar da ruwa, ta yi kuka, ta tashi lafiya.

Washegari Malama Rokeya ta ƙirga yara bakwai cikin talatin da huɗu. Matashiya ce, ita ma da ƙafarta ta shigo sansanin tana yarinya. Ta bi gida-gida cikin taɓo, ko'ina amsa ɗaya: a bari ruwa ya ɗauke. Ita kuwa ta san abin da wata huɗu a gida ke yi wa yaro. Mazan su tafi dako kasuwa, matan a ce sun girma, shi ke nan ba a ƙara ganinsu.

Aka yi taro a ƙofar mai unguwa Hashim Ullah. Ƙungiyar da ke riƙe da makarantar ta yarda za ta shinge ramin, ta gyara ƙaramin kududdufin da ke bayan masallaci don a koya wa yara ruwa. Saura mutum: wanda zai raka su da safe, ya koya musu iyo bayan la'asar.

"Wannan ai ba abin nema ba ne," in ji mai unguwa. Idanu duka suka koma kan Zafor.

Zafor ya dafa gwiwa. Ya ce kwanan nan sanyi ya sa ta gaba.

"Gwiwar da ta haye Naf?" in ji mai shayi. "Kududdufin bayan masallaci ne zai ba ta tsoro?"

Kafin a tashi an rataya masa usur a wuya, an sa masa riga mai ruwan ɗorawa wadda ta ƙi rufe cikinsa.

Ya tarar da Anowara tana soya busasshen kifi da barkono. Ta kalle shi daga sama har ƙasa.

"Baban Shofika, me nake gani a wuyanka?"

"Usur."

"Na ga usur. Na me?"

"An naɗa ni malamin iyo."

Ta ajiye cokali a hankali. Dariya ta kama ta har ta dafa tukunyar gas, hawaye na zuba. "Kai? Kai da na ɗaure da mayafina a jikin jarka, ina tura ka kamar gungume kana kiran sunan gyatumarka?"

"Rage murya, baiwar Allah. Bangon nan tamfol ne."

Gaskiya kuwa ta faɗa. Anowara ta tashi a bakin rafi cikin yayye maza biyar, ta iya ruwa tun kafin ta iya ɗaura zani. Ranar da suka gudo, kwalekwalensu ya kife saura kaɗan su kai gaɓa. Ita ta fito da shi. Ba duk waɗanda suka shiga jirgin ba ne suka taka ƙasa, kuma wannan ɓangaren Zafor bai taɓa faɗarsa a bencin shayi ba. Tun daga ranar, ruwa in ya wuce idon sawunsa sai ƙirjinsa ya hau dukan ganga.

Ta share idonta. "Koma ka gaya musu gaskiya."

"Sai yaran su ci gaba da zama a gida? Kin ga fuskar Malama kuwa?"

Anowara ta juya kifi. Can ta ce, "To kwanta a tabarmar nan. Rigingine. Buɗe hannuwa. Ba haka ba, kamar an shanya kwaɗo."

Kafin shinkafa ta tsotse ta koya masa yadda ake kwantar da baya, yadda ake buga ƙafa, yadda ake fitar da numfashi. Ta sa ya maimaita abu guda har sau goma: in wani ya faɗa ruwa, ba a bin sa ciki. A yi ihu, a jefa jarka, a kwanta rub da ciki a miƙa gora.

Haka aka fara. Da safe Zafor na gaba da igiya doguwa, yara sun rirriƙe ta a baya suna rera baƙaƙen harshen Bama, ƙasar da iyayensu suka baro, shi yana hura usur kamar mai tare motoci. Bayan la'asar su hallara a kududdufi. Abin da Anowara ta koya masa jiya a tabarma, shi zai zazzage musu yau daga gaɓa, hannu a ƙugu, ƙafarsa a bushe ƙarau.

"Baba, shigo ka nuna mana mana!"

"Kun taɓa ganin Malama Rokeya ta shiga cikin allo? Daga gefe ake koyarwa. Buga ƙafa, kai mai kan kabewa!"

Abin mamaki, yaran suka iya. Cikin mako uku har masu kuka sun saki jarka. Ajin Malama ya koma ashirin da biyar. Zafor ya fara tafiya da wani irin taku, har mai shayi ya soma zuba masa madara ba a roƙa ba.

Sai mai unguwa ya ce a tara iyaye su gani da idonsu. Ranar kuwa aka cika. Maza a gaba, mata a baya da lemominsu, mai shayi ya rufe rumfa ya taho. Zafor ya hau kan buhunan yashi na gefen da ya fi zurfi, yana nuna yadda ake wurga hannu baya. Ya wurga na dama, ya wurga na hagu, ya ja da baya taku ɗaya don kowa ya gani. Buhun ya sha ruwa, ya yi santsi. Sai dai aka ji tsundum.

Ruwa ya rufe masa ido, duk abin da ya haddace a tabarma ya tashi daga kansa. Ya ɗago ya kurma ihu, "Anowara! Anowara!" ya sake nutsewa.

Manya suka daskare, don kowa ya ɗauka wani salo ne. Yaran ne suka motsa. Ba wanda ya yi tsalle ciki. Suka saka ihu a tare, Setara ta sunkuci jarka ta wurga, ta same shi a goshi daram. Ya rungume ta kamar ɗan da ya ɓata. Huɗu suka kwanta rub da ciki suka miƙa gora, sauran suka riƙe ƙafafunsu, suka ja, suka ja, har ya dafa gaɓa. Ya fito takalmi ɗaya, hannu ɗaya a ɗaurin zani, ganye manne a gemu.

Zafor ya yi tari, ya gyara murya.

"Jarrabawa ce," ya ce. "Kun ci."

"Madalla," in ji mai shayi. "To Baba Zafor, kiran Anowara ma yana cikin jarrabawar?"

Daga bayan mata aka ji murya a natse: "Ruwan iya ƙirjinka ne, Baban Shofika. Da ka miƙe tsaye kawai."

Dariya ta ɓalle har liman sai da ya juya baya yana girgiza kafaɗa. Zafor ya zauna a kan bokiti, ya kalli yaran da suka kewaye shi suna huci, ya ga ba dariya suke ba, tsoro ne a idonsu. Ya dafa kan Setara.

"Ban iya ba," ya ce. "Ban taɓa iyawa ba. Ita ce ta haye da ni. Duk abin da na koya muku, daga bakinta ne."

Mai unguwa ya sosa ƙeya, ya ce to ai sai a duba batun usur ɗin nan. Uwar Setara ta ɗaga lemarta. "A duba me? 'Yata da aka ciro da gashi, yau ita ke ciro ƙato. Ku bar masa usur ɗinsa."

Malama Rokeya ba ta tsaya jin ƙarshen gardamar ba. Akwai 'yan mata tara, manyan ajinta, da iyayensu suka ce ba namijin da zai koya musu ruwa, kuma ba za su bi hanyar rami ba. Ta kutsa cikin mata ta kama hannun Anowara.

"Inna, ashe ke muke nema."

"Ni? 'Yar nan, ko sunana ban iya rubutawa ba."

"Wannan ni zan koya miki. Ke ki koya musu naki."

Aka kwana biyu Anowara na cewa sai ta yi tunani, alhali ta riga ta ciro tsohuwar rigarta ta ɗinke hannun. Aka kewaye kududdufin da tamfol ranar Talata da Alhamis. Shida daga cikin taran suka zo, suka kuma koma aji. Sauran ukun Malama tana nan tana sintiri a gidajensu. Iyaye mata da suka ce rakiya kawai suka yi, mako na biyu sai ga su cikin ruwa har wuya.

Zafor aka ba gadin ƙofa. Yana zaune a kan bokiti, bayansa ga tamfol, yana korar duk namijin da ya doso, har da zakara. Daga ciki sai shewa da fantsamar ruwa.

"Wai me ake wa dariya ne?" ya ɗaga murya.

"Ba ruwanka," in ji Anowara. "Ka adana numfashinka. Gobe da hantsi kai da 'yan shekara biyar ne a gefe marar zurfi, kuma ban yarda da ciwon gwiwa ba."

Ya je. Ya sha ruwa ya fi kofi uku, ya yi rantsuwa ba zai koma ba, ya koma. Ranar da damina ta yi sallama, ya kwanta rigingine a kan ruwa, idonsa a runtse gam, yaran suna ƙirga masa da ƙarfi. Sun kai goma sha huɗu kafin ya tuna inda yake.