An Yi Nasara

Jan rubutu ya sake bayyana a fuskar kwamfuta: "Odar magani ba ta isa ɗakin ajiya ba. A sake aikawa."

Manaja ya daki tebur har kofinsa ya yi tsalle. Gobe masu asibitoci za su zo ganin manhajar da ke kai odar magunguna, ga ta tana tona wa kamfani asiri.

"Ƙaya, rufe mata baki," ya ce wa injiniyar da ta rubuta saƙon. "Duk kuskuren da ya taso, ki kama shi ki binne. Ta riƙa cewa 'An yi nasara', shi ke nan."

Ba banza ake ce mata Ƙaya ba.

"Ranka ya daɗe, in ta faɗi haka, mai ba da magani zai naɗe hannu yana jiran kwalin da ba ya hanya, mai ciwon suga kuma na zaune a benci."

"Na ɗan lokaci ne."

"Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wallahi hannuna ba zai rubuta ba."

"To, hannunki ya tattara kayansa."

Ta sha wuya kafin ta samu aikin nan. Amma ko gezau.

Manaja, da yake shi ma ya taɓa rubuta manhaja a zamaninsa, ya naɗe hannun riga ya zauna. Don gudun wahala bai tsaya kan odar magani kaɗai ba, ya lulluɓe manhajar kamfanin kaf, yadda kowane kuskure zai mutu shiru. Sannan ya buɗe shafin ma'aikata, ya soke katin shigarta. Koren rubutu ya fito: "An yi nasara."

"Kin gani? Aiki kamar yankan wuƙa."

Da safe ta zo mayar da katin. Sabo da yi, ta kara shi a jikin ƙofa. Ƙit! Ƙofa ta buɗe. Ashe umarnin sokewar ma bai isa ko'ina ba.

Tana zaune a kujerarta Manaja ya shigo, baƙi na biye da shi. Ya yi turus.

"Wa ya buɗe miki?"

Ta ɗaga katin.

Ya dubi katin, ya dubi babban allon bango, inda odojin safiyar nan suka jeru, kowace da koren rubutunta, babu mai sanin wadda ta isa ɗakin ajiya.

"Wanne asibitin zan fara kira, ranka ya daɗe?" ta ce, ta jawo waya.