Zanen Zarto a Bango

Da Tsoho ya tura ƙofar shagon kafintoci da safe, sai ya tarar da bango wayam. Ƙusoshin rataya suna nan, zanen fenti yana nan, ga siffar zarto, ga ta guduma, amma kayan ko ɗaya babu.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da ya haɗa kafintoci takwas, shi na tara, ya ce ba maigida ba bara, kayan aiki na kowa ne. Shi ya zana wa kowane ƙarfe gurbinsa, wanda ya gama ya mayar. Kwaɗon kulle ƙofa kuwa ya hana a saya. "Ba a haifi mutum da son kai ba," in ji shi kullum, "matsi ke koya masa." Matarsa takan ce, "Malam, wa'azinka da daɗi, sai dai ba ya dahuwa a tukunya."

Sai ga wata huɗu ba aiki. Jiya wani ɗan kwangila ya zo, ko fitowa daga mota bai yi ba, ya ce gobe mutum uku yake so, kowa da kayan aikinsa.

* * *

A bakin ginin ɗan kwangilar Tsoho ya sami kafintocin a layi, kowa ya rungume abin da hannunsa ya kai, ba mai duban wani. Babban zarton yana hammatar ƙaninsa, wanda shi ya koya wa riƙe shi.

"Har da kai?"

"Yaya, 'ya'yana biyar fa," in ji ƙanin, idonsa a ƙasa. "Kuma wallahi ba ni na fara ba. Jiya da la'asar na ga gurbin tef ɗin awo ba komai, na ce to, an fara."

Ɗan kwangila ya nuna mutum uku da makullin mota. Ƙanin ba ya ciki.

* * *

A gida matarsa ta karɓi rigar da ya sa jiya za ta wanke. Tana kakkaɓewa tef ɗin awo ya faɗo, ya gangara har bakin tabarma. Jiya, lokacin da ya zura shi a aljihu, ce wa ransa ya yi adanawa yake yi.

Ya jira tsiyar da ta saba yi masa. Ba ta yi ba, kuma wannan ya fi masa ciwo. Ta dai tsince shi, ta goge ƙurar da bakin zanenta, ta ajiye kusa da ƙafarsa.

"Ka riƙe, Malam," ta ce a hankali. "Wataƙila gobe su nemi na huɗu."