Sammaci a Ƙofar Kango

Shekara tara Barista Ikram tana aikin lauya, amma ba ta taɓa tsayawa gaban alƙalin Babbar Kotun Tarayya ba. Aikinta duk a kotunan Musulunci da na majistare yake: rabon gado, rikicin iyakar gida, ɗan haya da ya ƙi tashi. A Mandawari aka haife ta, a nan take zaune, kuma rabin masu kawo mata aiki sun san ta tun tana zuwa Islamiyya.

Maganar Malam Ilu Mai Turare ce ta sa ta rubuta sunanta a bitar kwana uku da wata cibiya mai zaman kanta ta shirya wa lauyoyi masu son koyon aikin kotun tarayya. Gida huɗu ne tsakaninta da Malam Ilu. Ya fi shekara talatin yana haɗa wani turare da ya sa wa suna Sanyin Raɓa. Bara, wata Talata da hantsi, masinjojin kotu suka tsaya da mota a bakin lungu, suka kwashe kwalabe da jarkoki da takardun da yake liƙa wa kwalba, har da ma'aunin gilashi da ya gada wurin mahaifinsa. Suka ce wani kamfanin turare ya kai shi ƙara, kotu ta yanke cewa sunan na kamfanin ne. Shi kuwa bai taɓa jin an yi ƙararsa ba. Sati uku bayan haka hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye.

'Yarsa Hasana ta kawo wa Ikram takarda ɗaya tilo da aka bar musu. Ikram ta karanta, ta juya ta, ta ce, "Hasana, wannan kotun tarayya ce. Gaskiya ban san kanta ba." Ta ba ta lambar lauyoyi biyu, babu wanda ya karɓi aikin. Tun daga ranar Ikram ta daina bi ta ƙofar gidan, ta koma zagayawa ta bayan masallaci.

A saman benen wata makaranta a Gwale aka yi bitar. Ranar farko ta ƙirga mutum arba'in da ɗaya a ɗakin, amma da takardar sa hannu ta zo gabanta sai ta ga suna sittin da biyu. Nazeer, wanda suka gama makarantar lauyoyi tare, yana gefenta yana rubuta sunan mutum na uku da wani salon rubutu daban.

"Su wa kake sa wa hannu?" ta tambaye shi.

"'Yan ofis ɗinmu. Ke dai Ikram, satifiket da makin halartar bita muka zo nema. Wa ya ce miki a aji ake koyon kotu?"

Ana raba shinkafa da rana, rabin ɗakin suka ɗauki robobinsu suka sauka, ba su dawo ba.

Rana ta biyu kuwa ɗakin ya cika har ana ƙaro kujeru, domin Barista Abdulhakeem Ɗalha ne zai yi magana. Shekararsa ashirin da shida a kotun tarayya, manyan kamfanoni yake wa aiki. An sa shi ƙarfe tara, ya iso sha ɗaya saura, bai ba kowa haƙuri ba. Darasinsa shi ne yadda ake isar da sammaci ga wanda ake ƙara.

"Abin da ke cikin littafi kun karanta," in ji shi. "Ni abin da ba ya cikin littafi na kawo muku."

Ya sa aka raba kwafin takardu daga fayil ɗin wata shari'a da ya yi, an bi sunaye da baƙin alƙalami an shafe. Ya ce wani ɗan tsoho ne a cikin gari yake amfani da suna irin na kamfanin da yake wa aiki. Tsohon ya riga kamfanin fara amfani da sunan da shekaru, kuma da ya zo kotu ya faɗi haka, da aikin ya yi wuya.

"To me za ka yi? Sai ka taimake shi ya huta a gida. Ka ba masinja adireshin da ka san ba za a same shi ba. Masinja ya je sau biyu, ya dawo ya ce ba kowa. Sai yaron ofis ɗinka ya yi rantsuwa cewa nan ne adireshin mutumin na ƙarshe da aka sani. Ka roƙi kotu ta yarda a liƙa sammacin a ƙofa. An liƙa, an ɗauki hoto, doka ta cika. Ranar shari'a kai kaɗai ne a fili."

Ya danna na'ura, hoto ya fito a bango ta majigi. Wata tsohuwar ƙofar kwano ce a jikin katangar da ba rufi a kanta, farar takarda a manne, akuya tana tsaye a gefe.

"Ga wadda ta karɓi sammacin nan," ya ce, yana nuna akuyar. Ɗakin ya kwashe da dariya, wani har da buga tebur.

Ikram ba ta yi dariya ba, domin ta san ƙofar. Tsohon shagon Malam Ilu ne a bayan Ƙofar Ɗan Agundi, wanda ya bari shekara goma sha biyu da suka wuce lokacin da aikin hanya ya cinye rabinsa. Tana yarinya a nan ake aiken ta sayo wa mahaifiyarta turare. Ta buɗe takardun hannunta da sauri. A shafi na huɗu, wanda ya yi shafar ya tsallake layi ɗaya. Sanyin Raɓa, a rubuce ɓaro-ɓaro.

Ta ɗaga hannu.

"Yallaɓai, lokacin da aka yi rantsuwar nan, an san inda mutumin yake zaune?"

Barista Abdulhakeem ya leƙo ta saman tabarau. "Ƙanwata, daga wace kotu?"

"Kotun Musulunci na fi zuwa."

"Na ga alama." Aka sake dariya. "Adireshin gidansa yana jikin kowace kwalba da yake sayarwa. Amma nuna min inda doka ta ce lauya ya zauna yana karatun kwalba."

"To ba ƙarya aka rantse a kai ba ke nan?"

Nazeer ya ja gefen mayafinta, yana raɗa mata ta zauna. Barista Abdulhakeem bai ko ɓata rai ba. Ya ce, "Nan ba wurin wa'azi ba ne. Wanda ya ɗauke ki aiki nasara yake so. In tausayi kike sayarwa, ki nemi wata sana'ar." Ya danna hoto na gaba.

Ta dubi ɗakin. Mutane sun duƙufa suna rubutu. Wata yarinya da ba ta fi shekara da fara aiki ba ta ɗauki hoton bangon da wayarta, ta ja layi biyu a ƙarƙashin abin da ta rubuta. Wannan ya fi maganar mutumin ƙona wa Ikram rai. Da aka kawo abinci, ta ture robar ta fita baranda. Tana nan tsaye ta ga ana layin ɗaukar hoto da Barista Abdulhakeem a ƙasa, kowa na gyara hula.

Ta kama Nazeer a matakala. "Ka ji abin da ya ce game da kwalba. In na shigar da ƙorafi, za ka rubuta cewa ka ji?"

"Ni? Ina duba waya lokacin. Ban ji komai ba." Ya rage murya. "Mutumin nan da kiran waya ɗaya zai hana ki aiki a garin nan. Tsohon nan ubanki ne?"

Ta wuce shi ta sauka. A hanyar gida ta yanke cewa ba za ta koma bitar ba. Amma tana isa bakin lungu ta ga ƙafarta ta nufi bayan masallaci kamar kullum, sai ta ji ƙyamar kanta. Shekara guda tana ɓuya wa mutumin da aka zalunta, ko zuwa ta nemi ganin fayil ɗin ba ta yi ba, saboda tsoron kada ta yi abin kunya a kotun da ba ta saba ba.

Washegari ta koma. Mutum bakwai ne a ɗakin, sauran sun bari sai lokacin rabon satifiket. Mai darasin ranar Hajiya Zinariya ce, tsohuwar ma'aikaciyar rajistar kotu da ta yi ritaya, 'yar siririya mai tari. Ba ta zo da majigi ba. Ta koya musu yadda ake shigar da takarda, kwafi nawa ake kawowa, yadda ake neman kwafin fayil mai hatimi, da irin kuskuren da ke sa a dawo wa lauya da takardunsa. Ikram ta cika shafi goma sha ɗaya.

Da aka tashi ta bi ta, ta nuna mata shafi na huɗu, ta ba ta labarin duka.

Hajiya Zinariya ta daɗe tana kallon takardar. Ta yi tsaki. "Wai wannan yake koya wa yara? Allah wadai." Ta miƙa mata. "Ki saurara, 'yata. Hukuncin da aka yi ba a sanar da mutum ba, kotun da ta yi shi tana da ikon rushe shi. Ba kya buƙatar shaidar kowa a ɗakin nan. Ki nemi fayil ɗin gaba ɗaya. Mai ƙara kan suna dole ya kawo hoton kayan da yake ƙorafi a kansu. Ki duba hoton da kyau."

Da la'asar Ikram ta yi sallama a zauren Malam Ilu. Yana kan tabarma an jingina shi da filo, kantocin da a da suke cike da kwalabe babu komai a kansu sai ƙura. Ta durƙusa.

"Baba, na zo neman afuwa. Ya kamata in zo tun bara."

Maganarsa ba ta fita sosai, sai Hasana ta riƙa maimaita mata. Ya ce ba ta yi masa komai ba. Da ta gaya masa inda aka liƙa sammacin, ya ce, "Ɗan Agundi? Ai ko rufi babu." Ya yarda ta shigar da takarda, ya dangwala babban yatsansa na dama.

Sati biyu ta yi tana zarya kafin fayil ɗin ya fito. A cikin takardun da kamfanin da kansa ya gabatar akwai hoton kwalbar Sanyin Raɓa, an ƙara girmansa don alƙali ya ga sunan. A ƙasan sunan, da ƙananan haruffa, ga lambar gida, ga Mandawari, ga lambar waya. Sau biyu rajista ta dawo mata da takardunta saboda kuskure, ta gyara ta mayar.

Bayan wata biyar aka saurari roƙon. A farko ta yi magana ƙasa-ƙasa, har alƙali ya ce ta ɗaga murya. Ta nuna hoton ƙofar, ta nuna hoton kwalbar. Alƙalin ya jera su gefe da gefe, ya tambayi Barista Abdulhakeem ko yana da abin cewa. Ya tashi ya ce kuskure ne na wani ma'aikaci da ya riga ya bar ofishinsa. Alƙali ya rushe hukuncin, ya ce a mayar da kayan da aka kwashe, a fara shari'ar daga farko.

A baranda Barista Abdulhakeem ya tare ta, tana tare da Hasana. Fuskarsa cike da fara'a.

"Ƙanwata! Aiki ya yi kyau. Ashe kina saurare."

Ikram ta gyara riƙon fayil ɗinta za ta wuce, shi kuwa ya ci gaba.

"Kada ki ɗauka na ji haushi. Shekara ɗaya da rabi mutanena su kaɗai ne a kasuwa da sunan nan. Abin da suke so ke nan, sun samu. Yanzu ko an ba tsohon sunansa, wa zai haɗa turaren?" Ya zaro kati ya miƙo mata. "Akwai wata bitar bayan Sallah. Ina so ki zo ki zauna kusa da ni, in nuna musu ɗalibata da ta kayar da ni. Za su ji daɗin labarin."

Ikram ta dubi katin, ta dubi hannun da ke riƙe da shi. Ba ta karɓa ba.

"Yallaɓai, ranar sha bakwai ga wata za mu dawo. Adireshin ofishina yana jikin takardun. Akwai rufi, akwai mutane a ciki."

Ya yi dariya sosai, ya mayar da katin aljihu, ya wuce.

Ranar Alhamis aka buɗe musu ɗakin ajiyar da kayan suke. Zafi ya kumbura jarkokin, wasu sun tsage sun tsiyaye, abin da ya rage a ciki ya koma wari mai hawa kai. Ma'aunin gilashin ya rabe biyu a ƙasan wani kwali. Hasana ta toshe hanci da mayafi, ta ce ko su bar su kawai.

"A'a," in ji Ikram. "Ɗauko wayarki. Kowanne sai mun ɗauki hotonsa, mu rubuta yadda muka same shi, kafin a taɓa."

Suka fara daga jarkar da ke bakin ƙofa. Sai bayan azahar suka gama, suka fita neman motar da za ta kai kayan Mandawari.