Zanen Lesieli

Semisi Fonua ya faɗi a matakalar coci ranar Talata da hantsi, yana ɗauke da kujeru biyu da babu wanda ya sa shi ɗauka. Shekara tamanin da ɗaya, amma taurin kai sai ka ce ɗan ashirin. Ƙashin ƙugu ya karye. Matarsa ta rasu bara waccan, ɗansa yana can garin Griffith wajen tsinkar lemo, tafiyar awa bakwai. Duk faɗin birnin Sydney na Ostireliya ƙanwarsa Lesieli ce kaɗai a kusa, ita ta bi motar asibiti.

Likita ta yi musu bayani dalla-dalla. Jikin tsohon ya bushe, sai an yi masa ƙarin ruwa kafin a shiga tiyata ƙarfe huɗu. In ƙoda ta karɓa, fitsari ya sauko cikin ledar da aka rataye a gefen gado, to madalla. In kuwa ruwa na shiga ba ya fita, a huhu zai taru, don zuciyarsa ta gaji. Ta ƙara da cewa tsoho mai irin wannan karayar, duk kwanan da ya ƙara a kwance ba a gyara ba, ƙasa yake yi.

Lesieli ta saurara kanta a sunkuye, kunya kamar ta nutse. A al'adarsu ta tsibirin Tonga, kunya ce mai tsanani tsakanin wa da ƙanwa. Ina ɗiyar Tonga ina zancen fitsarin yayanta, kuma a gabansa? Tun tana 'yar shekara goma ba su sake kwana ƙarƙashin rufi ɗaya ba. Ko wando nasa ba ta taɓa gani a igiyar shanya ba. Yau ga shi kwance cikin 'yar rigar asibiti, robar fitsari ta fito daga ƙarƙashin bargo. Likita na fita ta cire zanen da ta yafa, ta kau da kai, ta lalubi ledar ta rufe ta ruf. Sannan ta ja kujera bakin ƙofa ta ba shi baya.

Nas ɗin ɗakin, Bronwyn, ranar ko zama ba ta samu ba, gado takwas ita kaɗai. Wajen azahar ta leƙo da sabuwar ledar ruwa a hannu, ana ta kiranta daga ɗakin gaba. Ta ga zane mai furanni a gefen gado, ta ɗauka wani abu ne na addu'a, ba ta so ta taɓa ba. Ta tambaya ko fitsarin na saukowa.

"Yana zuwa," in ji Lesieli, ba ta ko juyo ba.

Wallahi ba ƙarya ta yi niyya ba. So take kawai a rufe zancen. Bronwyn ta rataye leda ta biyu, ta buɗe ta, ta wuce.

Da farko tari ne, ɗan ƙarami. Lesieli ta ce a ranta sanyin ɗakin ne. Can numfashin ya soma wani kurkur, kamar tukunyar da ta fara tafasa. Ta san abin da ya kamata ta duba, taku uku ne tsakaninta da zanen, amma ƙafa ta ƙi. Ta zauna tana karanta addu'a a zuci, tana kallon agogon bango. Uku saura kwata. Uku da minti goma. Ruwa na ta ɗiga.

"Lesieli," ya ce da ƙyar. "Zo ki ɗaga ni."

Sai a lokacin ta juya. Leɓensa ya yi shuɗi-shuɗi, gumi ya jiƙa matashin kai. Ta sa hannu ta tallafo shi, ta ƙwalla kira.

Kafin ka ce me ɗaki ya cika. Aka tsayar da ruwan, aka ɗora masa abin shaƙar iska. Likita ta fizge zanen. Ledar nan ko cokali uku babu a ciki, ɗan abin da ya taru kuma baƙi-baƙi kamar shayin da ya kwana. Ta ce maganar tiyata babu ita yau, gobe ma sai abin da aka gani. Sannan ta dubi Bronwyn, ta tambayi wanda ya ce fitsari na zuwa.

Lesieli ta buɗe baki. Semisi ya janye abin iskar daga fuskarsa, idonsa a kan rufin ɗaki, bai dubi ƙanwarsa ba.

"Ni na faɗa."

Aka tura gadon. A ƙarshen baranda ɗakin tiyata yana hannun dama. Hagu suka yi da shi, ɗakin waɗanda jikinsu ya tsananta.