Duwatsun Akwatin Inna

Sati biyu Ummu Salma ta yi tana yaƙi da gyare, kuma har ga Allah ba ta gane kan yaƙin ba. Malamar firamare ce a Liman Abaji, mai tsaftar tsiya. Damuwarta akwatin katakon da marigayiya Innarta ta bar mata. A ciki zanen saƙin Inna yake, wanda Ummu Salma ta yi alkawarin ba 'yarta Zahra ranar sunan jaririnta, sunan kuwa jibi.

Tun da ta ga ɓurɓushin ƙasa a gindin akwatin, ta kuma ji kuka daga bayansa duk yamma, ta yanke wa gyare hukunci. Ta kashe wani kore da silifa, ta kashe na biyu, ta fesa maganin ƙwari na fiya-fiya har tana tari. Kuka ya tsaya, ƙasa kuwa sai ƙaruwa take. Abin ya ɗaure mata kai: ta kashe ɓarawo, sata ba ta tsaya ba. Akwatin kuma ba ta buɗe ba, don tun rasuwar Inna zuciyarta ba ta iyawa.

Ranar Laraba Yelwa mai nono, wadda take kawo musu tun Inna tana raye, ta zo daga Jigwada, ta tarar da mushen gyare a bakin ƙofa. Da ta ji laifinsa sai ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce wannan ganye yake ci, daga bishiyar gwaiba yake biyo hasken fitila. Mai cin itace ba ta kuka, ba ta ma yarda a gan ta. Ummu Salma ta tsaya sororo, ta ce to me ya kai shi bayan akwatin? Yelwa ta shiga ta ƙwanƙwasa katakon, ya amsa kamar fankon ashana.

"Malama, ina duwatsun da Inna take ɗora shi a kai?"

Ummu Salma ce da kanta ta fitar da su bara da aka shimfiɗa sabuwar leda, wai suna ɓata mata ɗaki. A zatonta ƙauyancin tsofaffi ne kawai, ashe su ke raba akwatin da ƙasa.

Suka ɗaga murfin, ya rabe biyu a hannunsu. Gara ta yi ta tsere wa haske. Ummu Salma ta jawo zanen, sai bakinsa kaɗai ya biyo hannunta, inda Inna ta ɗinke da jan zare. Ta zauna daɓas a kan sabuwar ledar tana juya shi, kuka ya ƙwace mata.