Takabar Hapsatu

A cokali na uku Hapsatu ta kau da kai, kunun ya gangaro ta gefen bakinta. Munawwara, maƙwabciyarta a Fagam, ta goge mata da bakin zane. Wata uku da rabi ke nan da rasuwar Buba, mijin Hapsatu, kuma tun da ta shiga takaba take zubewa kamar ana kwasarta da ludayi. Aka ce kewar miji ce. Mutanenmu kuwa da zarar sun raɗa wa ciwo suna, to sun gama da shi.

"Yaya, tura ƙofar nan," in ji Hapsatu.

Ta laluba cikin matashin kai, ta zaro wata farar robar magani fayau, da katin asibiti.

"Ƙanjamau ne. Shi ya kwaso mana, Allah ya ji ƙansa. A Birnin Kudu muke karɓar magani, don kada idon sani ya gan mu a asibitinmu na Gwaram. Nawa ya ƙare tun sadakar bakwai."

Munawwara ta tuna baya. Sau biyu Hapsatu ta roƙi surukarta Dada izinin zuwa asibiti, tsohuwar ta ce mai takaba ba ta keta gari, ta kawo mata jiƙo. Abin da ya fi ƙona ran Munawwara shi ne har da bakinta a ciki, don ita ta ce, "Ki yi haƙuri mana, kwana nawa ne?"

"Haba Hapsatu, me ya hana ki faɗa?"

"In ce wa Dada me? Ɗanta na kabari. Cewa za a yi ni na kashe shi. Don Allah ki rufa min asiri."

Washegari da sassafe Munawwara ta shiga motar Birnin Kudu da katin a ƙulle a haɓar zani. Malamar asibiti ta duba, ta ɗago kai.

"Wata uku ba magani? Tana tari?"

"Har da jini."

"To wannan ya wuce saƙo. Ku kawo ta yau, gado za a ba ta."

Da la'asar ta dawo, ta tarar da Dada a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ta durƙusa, ta roƙa, ta haɗa ta da Allah.

"Saura kwana ashirin da 'yan kai ta fita," in ji Dada. "Me ake ci na baka na zuba?"

Munawwara ta dubi labulen ɗakin da tari ke fitowa. An ba ta amana, ga kuma rai. Ta runtse ido ta faɗi sunan ciwon.

Dada ba ta yi salati ba, ba ta zagi kowa ba. Gyaɗar ce kawai ta suɓuce daga hannunta.

"Na san na Buba," ta ce a hankali. "Ni na tsinci robobinsa ranar da aka kai shi, na zuba a masai don kada a gani. Ban taɓa kawo ta a raina ba. Wallahi ɗana kawai na tuna." Ta yunƙura. "Maza, ki ce wa Malam Hambali ya nemo mota."

Hambali, mijin Munawwara, ya buga mashin zuwa bakin titi. Munawwara da Dada suka shiga ɗaki don su shirya Hapsatu. Munawwara ta ɗago ta, ta jingina ta a ƙirji tana sa mata hijabi.

"Dada ta yarda, Hapsatu. Za mu tafi."

Hapsatu ta buɗe ido, ta dubi surukarta, leɓenta ya motsa ba sauti. Sai nauyinta ya sauka gaba ɗaya a kan Munawwara, numfashi ya tsaya.

Can a waje mota ta yi ham. Dada na tsugune a bakin gado, riƙe da silifas ɗin Hapsatu, ɗaya ta riga ta zura mata a ƙafa.